Ciwon ƙafar kaza: a gane shi tukuna kafin a sayi magani

Ƙannena da kuka fara kiwon kaji a bayan gida, kuskuren da ya fi cin mini kuɗi da kaji shi ne ɗaukar duk wani fari-fari da na gani a ƙafar kaza a matsayin cutar fangas, wato dangin makero. Cututtuka uku ne ke kama da juna a ƙafa, kowacce da maganinta, kuma fangas ɗin shi ne mafi ƙarancin faruwa a cikinsu.

Ka kama kazar da rana, ka kife ta a cinyarka, ka duba wuri uku: ƙwauri, tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Idan ɓawon ƙwauri ya ɗaga, ƙafar ta yi kauri da kaushi, farin gari na fita daga ƙarƙashin ɓawon, wannan ba fangas ba ne. Wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani, dangin masu kawo ƙazuwa, suke haƙa rami a ƙarƙashin ɓawon. Idan kuma tafin ƙafa ne ya kumbura, da baƙin tabo a tsakiya, kazar tana ɗingishi, to ƙwayar bakteriya ce ta shiga ta wani rauni ta tara mugunya. Fangas na gaskiya yakan fara ne a tsoron zakara da fuska, kamar an barbaɗa alli, ya yi ɓawo, ya gangara wuya gashi ya zube. A ƙafa yana samun wuri ne inda fata ta jiƙe ta yi laushi, musamman tsakanin yatsu, inda za ka ga fatar ta yi fari tana saɓulewa. Saboda haka in ka ga abu a ƙafa, ɗaga ido ka duba kai.

In abin ya rikice maka, kai kaza ɗaya asibitin dabbobi. Za su kankare fatar kaɗan su duba a madubin likita, su gaya maka ko ƙwaro ne ko fangas. Kuɗin wannan gwaji bai kai na magungunan da za ka yi ta saye bisa zato ba.

Idan an tabbatar fangas ne, ware kazar daga sauran a busasshen wuri. Ka zuba ƙaramin cokali 2 na gishiri a lita 1 ta ruwa mai ɗumi, wanda hannunka zai iya jurewa ba tare da ka janye ba, ka tsoma ƙafafun minti 10. Ka goge a hankali da tsohon burushin haƙori mai laushi. Sai busarwa, kuma nan ne na daɗe ina sakaci: in ka shafa magani a kan jiƙaƙƙiyar fata ka rufe danshin ne a ciki, danshi kuwa shi fangas yake so. Ka bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya da busasshen tsumma. Daga nan ka goga ruwan aidin irin na povidone da aka sirka, kashi 1 cikin kashi 10 na ruwa, har launinsa ya zama kamar shayi marar kauri. Ka bari ya sha iska, sannan ka shafa man clotrimazole mai kashi 1 cikin 100 ko miconazole mai kashi 2 cikin 100, siriri, safe da yamma. Jiƙa ƙafa sau ɗaya a kwana biyu ko uku ya isa. Shafa mai ne ake yi kullum.

Ka karanta jikin kwalin kafin ka biya. Akwai mayukan shafawa masu haɗin magani uku da suka cika kemis, irin waɗanda wasu ke shafawa don hasken fata. Suna ɗauke da maganin fangas, amma a cikinsu akwai betamethasone ko clobetasol ko dexamethasone. Waɗannan suna danne garkuwar jiki, tsuntsaye kuma sun fi mutum rauni a kansu. Kwana biyu za ka ga jan ya ragu ka ce an dace, alhali cutar tana ƙara yaɗuwa. Ka nemi wanda sunan magani ɗaya ne tak a jikinsa.

Wani kuskuren shi ne dainawa da wuri. Fatar takan yi kyau a mako na farko ko na biyu, amma ka lissafa mako 3 zuwa 4, ka kuma ƙara mako ɗaya bayan ta warke a ido. Ka sa safar hannu ko leda, ka wanke hannu da sabulu, kada kuma ka ba yara wannan aikin, domin dangin makero na iya tsallakawa zuwa fatar mutum.

Ƙwarin ƙarƙashin ɓawo kuwa man fangas ba ya taɓa su ko da wata guda ka yi kana shafawa. Su toshe musu numfashi ake yi. Bayan wanki da busarwa, ka cika ƙafar da basilin ko man kaɗanya, kana shafawa daga yatsu zuwa sama domin man ya shige ƙarƙashin ɓawon da ya ɗaga. Ka maimaita duk bayan kwana 2 ko 3 har mako 4. Dalilin tsawon lokacin shi ne ƙwaron yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 daga ƙwai zuwa girma, mai kuma ba ya gamawa da ƙwayayen, dole ka jira su ƙyanƙyashe. Duk kajin da ke kwana a akurki ɗaya za ka yi wa, domin da dare a kan sandar kwana suke yaɗa wa juna. In ya yi tsanani likitan dabbobi yakan ba da maganin kashe ƙwari mai suna ivermectin gwargwadon nauyin kaza, ya kuma faɗa maka tsawon kwanakin da za a bar cin ƙwanta da namanta. Kada ka ƙiyasta da ido daga kwalbar ivermectin ta shanu.

Kada ka ɓamɓare ɓawon da farce. Zai yi jini, ka buɗe wa bakteriya ƙofa. Tsohon ɓawo da kansa yake faɗuwa, kuma ƙafar takan yi watanni kafin ta koma sumul, wata ma ba ta komawa duka ko da ƙwarin sun mutu. Baƙin man inji da kananzir, da muka taso muka ga ana shafawa, suna ƙona fata, kaza kuma tana tsattsagar ƙafarta ta haɗiye. Basilin yana yin aikin ba tare da gubar ba.

Kumburin tafin ƙafa, in an gan shi tun yana ɗan ja, jiƙawa a ruwan gishiri da aidin da ɗaure ƙafar da bandeji kan isa. In ya riga ya yi ƙullutu kada ka ɓata lokacin matsawa, domin mugunyar kaza ba ruwa ba ce, daskararriya ce kamar awara. Sai an tsaga an ciro ta, wannan kuwa aikin likita ne.

Duk wannan wahala ce banza in kazar za ta koma taka laka da kashi. A damina, musamman Yuli da Agusta, ƙasan akurki ne tushen ciwon. Kashin kaji da ya jiƙe yana fitar da iskar nan mai yaji da ke shiga ido, yana kuma cin fatar tafin ƙafa. Ka kwashe shimfiɗar duka, ka kankare kashin, sannan ka wanke sanduna da kwanuka da ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 10 na ruwa. Kankarewar ce farko, domin bilic ba ya aiki a kan datti, kuma haɗuwarsa da kashin kaji na tayar da iska mai cutarwa. Ka bar wurin ya bushe sarai kafin kaji su koma. Ka zuba ɓuntun shinkafa ko ɓarɓashin katako mai kaurin santimita 5 zuwa 10. Lokaci-lokaci ka damƙi shimfiɗar: in ta dunƙule a hannunka ta jiƙe, canza ta. Ka ɗora kwanon ruwa a kan bulo don kada ya riƙa zuba. Sandar kwana ta zama mai faɗin santimita 4 zuwa 5, marar tsini ko ƙusa, kuma kada ta wuce rabin mita daga ƙasa in kajin masu nauyi ne, domin dirowa daga sama kan tsage tafin ƙafa.

Kazar da ka sayo a kasuwa ko aka ba ka kyauta, ka duba ƙafarta da tsoronta tun a hannun mai ita, sannan ka ajiye ta ita kaɗai mako 2 zuwa 3 kafin ta shiga cikin naka.