Gudu, Keke, Gudu: Shirya Tseren Daji Na Kanka A Hunturun Bauchi

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu ne dajin da ke kewayen Bauchi yake yi wa mai gudu da mai keke daɗi a lokaci guda. An girbe dawa, ciyawa ta bushe ta kwanta, rafuka sun ƙafe ko sun ja baya, hanyoyin ƙafa da damina ta rufe sun sake buɗewa. Ga kuma sanyin safiya, wanda mutum zai yi awa biyu yana aiki da jiki bai galabaita ba. Da an shiga Maris kuwa, magana ta ƙare, rana ce ke mulki tun hantsi.

Wasan da ake kira duwatalon ba shi da wuyar fahimta: ka yi gudu, ka hau keke, ka sauka ka sake gudu, agogo bai tsaya ba. A gasar hukuma ta kan kwalta, gudun farko kilomita 10 ne, keke 40, gudun ƙarshe 5, akwai kuma gajeren da ya kai rabin wannan. Masu taurin rai suna zuwa garin Zofingen na ƙasar Suwizalan su yi 10, 150 da 30. Namu ba wannan ba ne. Mutum shida zuwa goma ne, babu kuɗin shiga, babu kyauta, babu motar da ke bin baya, kowa da ruwansa da kayan facinsa. A Turai masu irin wannan wasa a lokacin sanyi laka da ƙanƙara suke fama da su. Mu a nan ƙaya ce, da yashi, da ƙura, kuma su ne ke fitar da mutane daga tsere, ba ƙarancin ƙarfi ba.

Don haka kada a kwaso awon kwalta a kawo daji. Kilomita 5 a ƙafa, 18 zuwa 20 a keke, sai 3 a ƙarshe, ya ishi kowa. A hanyar daji matsakaicin mahayi ba ya wuce kilomita 12 zuwa 15 a awa, wato keken kaɗai zai ci kusan awa ɗaya da rabi, duka tseren kuma awa biyu da rabi zuwa uku. A watan Janairu rana tana fitowa bayan shida da rabi. In aka tashi ƙarfe bakwai saura kwata, na ƙarshe ya kamata ya iso kafin goma.

Babban aikin yana wajen zana hanya. A zaɓi wuri guda, gindin bishiya kusa da makarantar ƙauye ko gefen mai shayi, ya zama nan ne cibiya: nan ake tashi, nan ake ajiye kekuna, nan ake dawowa. Zagayen gudu ya fita ta gefe ɗaya, na keke ta ɗaya gefen, kuma gara keken ya zama zagaye biyu na kilomita 9 ko 10 maimakon doguwar tafiya guda. Dalilin a fili yake: wanda sarƙarsa ta tsinke a wuri mafi nisa, kilomita 5 kawai zai tura keke, kuma kowa zai sake bi ta wajen gorar ruwansa a tsakiya. Mutum ɗaya dole ya haƙura da tseren ya zauna a cibiya da littafi da biro, yana gadin kaya yana rubuta lokacin da kowa ya fita da lokacin da ya shigo.

Wurare ba su yi ƙaranci ba. Akwai hanyoyin gonaki wajen Dam ɗin Gubi ta hanyar Ningi, akwai bayan Birshi ta hanyar Dass, akwai wajen Kangere ta hanyar Gombe, wanda kuma ke son hawa da gangara ya ƙarasa gindin duwatsun Dass. Yankari, Sumu da Lame-Burra a cire su daga lissafi. Gandun namun daji ne masu dokokinsu, ba filin wasa ba, kuma duk dajin da ya yi nisa da gari har waya ba ta samun sabis, halin tsaro na yanzu ya isa ya hana mai hankali shigarsa. Kwana biyu kafin ranar, a je a gaida mai unguwa a faɗa masa ko su waye, ta ina za a bi, ƙarfe nawa. 'Yan banga da mafarautan wurin sun fi kowace taswira sanin inda aka ɗana tarko da inda aka sa wa daji wuta.

Alamar hanya kuma ba a yinta da leda. Yara za su kwance, awaki za su ci. Toka a ƙasa iskar hunturu tana share ta kafin gari ya waye. Abin da ya fi zama shi ne kibiya da alli ko gawayi a jikin dutse da kututture, a kowace mararraba, sannan wata alamar kamar taku ashirin bayan kwana don mutum ya tabbatar bai kauce ba. A bi hanyar tun da wuri da waya a aljihu, a ɗauki zanenta da manhajar Strava ko makamanciyarta, a tura wa kowa ta WhatsApp ya sauke tun yana gida.

Sai ƙaya. Tsidau yana zube a fako da gefen hanya, aduwa da farar ƙaya da magarya suna zubar da tasu a ƙarƙashinsu, tushiyar dawa kuma tana iya yaga gefen taya in mutum ya ce zai yanke ta cikin gona. Ka bi tsakiyar turbar da ƙafa da babura suka daddale, kada inuwar itace mai ƙaya ta ruɗe ka. Dabarar masu faci tana aiki: a tsaga tsohon tif a cire bawul ɗinsa, a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tif. Keken zai ɗan yi nauyi, amma ƙananan ƙayoyi ba za su kai ciki ba. Duk da haka kowa ya riƙe tif biyu, famfo, faci da sholisho, abin ɓanɓare taya, alanki, da mahaɗin sarƙa wanda ya dace da tasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa sabon tif ba a shafa cikin taya da yatsa an zare ƙayar ba. Kafin a yi mita ɗari biyu ya sake sacewa.

Iska ma ana yawan cika ta fiye da kima, domin mai facin bakin titi ya saba da mai ɗaukar buhu a kan kwalta. Taya mai faɗin inci 2 ko fiye, ga mutum mai nauyin kilo 70, geji 30 zuwa 35 a ma'aunin iska na PSI ya wadatar. In ta yi tauri, keken zai riƙa tsalle a kan tsakuwa yana nitsewa a yashi. In ta yi laushi sosai, dutse zai matse tif da rim ya huda shi wuri biyu. Sarƙa kuwa a raba ta da baƙin mai da giris, domin da ƙura ta haɗu da su sun zama abin da ke cinye haƙoran giya. Ɗigon mai marar kauri a daren jajibiri, a goge da tsumma har ta kusa bushewa.

In ka iso busasshen rafi, sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka ja jikinka baya a kan sirdi, ka saki hannu kaɗan, kada ka taɓa birkin gaba. In yashin ya yi zurfi, sauka ka tura, sau da yawa hakan ya fi sauri. A burtali kuma shanu ne da hanya. Ka sauka, ka yi wa makiyayi sallama, ka sa keken tsakaninka da karensa, ka jira. A lambu ka kula da tiyon ban ruwa, minti ɗayanka bai kai tumatirin wani ba.

Hunturu yana yaudara wajen ruwa, saboda gumi yana bushewa tun bai jiƙa riga ba, mutum ya ɗauka bai zubar da komai ba. Lissafa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, wato kusan lita biyu a duka tseren, mafi yawansa a sha a kan keke inda ciki ba ya jijjiga. Gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Dabino biyar ko shida a awa, ko ayaba, daga lokacin da aka hau keke. Koko da ɗan burodi bayan sallar asuba ya isa karin kumallo. Masa da miya a bar ta sai an gama. A shafa man kaɗanya a leɓe da cikin hanci saboda tsagewa da haɓo, a sa tabarau da hular kwano, a kuma ɗumama jiki na minti goma kafin tashi. Rigar sanyi a cire ta a cibiya, gara ka fara kana ɗan jin ɗari. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango dutsen da ke gaba, a ɗage, musamman in akwai mai asma.

Gudun ƙarshe shi ne inda ake gane wanda ya yi wauta a na farko. Da ka sauka daga keke, ƙafafu za su yi kamar an ɗaura musu buhun siminti, domin tsokar cinya ta saba da juyi, yanzu an ce ta ɗauki nauyin jiki. Maganinsa uku ne: ka yi gudun farko a hankalin da za ka iya magana, ka sassauta giya ka yawaita juya feda a kilomitar ƙarshe ta keke, sannan ka fara da gajerun taku. Nauyin yakan saki bayan minti biyar zuwa goma. Sati huɗu zuwa shida kafin ranar, sau ɗaya a mako, a yi minti 40 a keke a sauka nan take a yi gudun minti 10. Takalmi kuma kambas ɗaya ya yi duka ukun, da doguwar safa saboda ƙarangiya.

Maciji ba ya yawan fitowa da sanyin safiya, amma kububuwa tana nan a ƙarƙashin duwatsu da tarin kara, daidai inda mai faci zai so ya zauna. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau. A hana mutumin tafiya, a ɗora shi a babur zuwa asibiti mafi kusa, a kuma tuna akwai asibitin saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe. Saboda irin wannan ne ake karɓar lambar ɗan acaɓa ɗaya ko biyu na ƙauyen tun kafin a tashi. A sa ƙa'ida kuma: wanda bai shiga zagayen keke na biyu ba zuwa tara saura kwata, ya tsaya a cibiya, kuma duk wanda ya wuce lokacinsa da minti 30, mutum biyu su bi hanyar ta baya su nemo shi.