Tarihin Rayuwar Jan Ruwan Inabin Bordo, Kashi Na Uku: Daga Toho Zuwa Tsinka

A makon jiya mun bar kuranga a ƙarshen hunturu, an datse ta an bar mata reshe biyu, hagu da dama, an ɗaure su a jikin waya. Yau za mu bi ta daga toho har ranar da almakashi zai taɓa nonon inabi. Shekarar da ake bugawa a jikin kwalba shekarar tsinka ce, kuma dillalan Bordo, a kudu maso yammacin Faransa, suna bincikar ta kamar yadda ake bincikar asali wajen neman aure. Gona ɗaya, ma'aikata ɗaya, ganguna iri ɗaya, amma kwalbar 1961 ana rububinta har yau, ta 1963 kuwa tun fitowarta ba ta da mai so. Ko wanda bai taɓa kai wannan giya bakinsa ba, in dai manomi ne, zai gane dalili, don magana ce ta ruwa da rana.

Kuranga tana toho daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, kuma nan ne haɗari na farko. Sabon toho ruwa ne zalla. In sanyin asuba ya sauka ƙasa da sifili da kamar digiri 2, sai ya daskare, kafin azahar ya yi baƙi kamar an babbaka shi. Haka aka yi a daren 20 zuwa 21 ga Afrilun 1991, aka sake a ƙarshen Afrilun 2017. Manoma kan kwana a gona suna kunna manyan kyandirori tsakanin kunyoyi, ko su ƙona tattaka, ko su tayar da fanka mai tsawo don ta gauraya iskar sama mai ɗumi da ta ƙasa. Gonakin da ke kallon kogin Jirond, irin su Château Latour, sukan tsira saboda ruwa yana riƙe ɗumi. Kurangar da sanyi ya ci takan sake toho, amma na biyun 'ya'yansa kaɗan ne kuma yana makara wajen nuna.

Fure yana zuwa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Ƙanana ne ƙwarai, ba su jiran ƙudan zuma, abin da suke so kawai kwana goma na ɗumi ba ruwa. In sanyi da yayyafi suka shigo, furen ya zube bai ƙulla ba, ko ya ƙulla rabi da rabi, a nono ɗaya ka ga manyan 'ya'ya da 'yan mitsi-mitsi waɗanda ba za su nuna tare ba. Irin inabin da ake kira Merlot ya fi irin Cabernet Sauvignon saurin wannan cuta. A 1961 sanyi ya faɗo a ƙarshen Mayu ya rage amfanin gona ƙwarai, manoma suka ɗauka shekara ta lalace. Ashe ragin nan ne rabin alherinta: kurangar da aka bari da 'ya'ya kaɗan ta zuba musu duk ƙarfinta. Daga tsakiyar fure manomi kan ƙirga kwana 100 zuwa 110, ya san makon da zai nemi masu tsinka.

Yuni watan feshi ne. Funfuna mai bin ganye tana son ɗumi da laima, maganinta kuma a Bordo aka haɗa shi: gishirin tagulla mai launin shuɗi da farar ƙasa a ruwa, wanda malamin tsirrai Millardet ya bayyana a 1885. Har yau ana fesa shi.

Yanzu ga inda maganar take. Kuranga, in ta samu ruwa yadda take so, ba ta damu da 'ya'ya ba, reshe da ganye za ta yi ta fitarwa. Sai ta ji ƙishi take daina tsawo ta juya kan nonon. Marigayi Denis Dubourdieu, masanin inabi na jami'ar Bordo, wanda ya rasu a 2016, ya sa wannan cikin sharuɗɗan babbar shekara: Yuli mai ɗumi da fari, yadda ƙishin zai shigo a hankali ya tsayar da girman reshe kafin 'ya'ya su soma canja launi a farkon Agusta. Lokacin shi ne komai. In ƙishi ya zo bayan launi ya juya, an makara, 'ya'yan sun riga sun kumbura. Mai noman kankana ya san wannan, wadda aka cika wa ban ruwa ga girma amma salam.

Dalilin son ƙananan 'ya'ya shi ne, ruwan cikin jan inabi fari ne. Launi, ƙamshi da bauri duk a ɓawo da ƙwallo suke. Ɗan Cabernet mai kyau bai wuce giram 1 da ɗoriya ba, ɓawonsa da kauri, don haka kowace lita ta ruwan tana samun ɓawo mai yawa da za ta jiƙa a ciki. Baurin nan, irin wanda ɗanyen goro ke bari a dasashi, shi ke riƙe ruwan inabi shekara 30 ko 50 bai mutu ba. Shi ya sa manyan gonakin Medok, yankin da ke gefen hagu na kogin Jirond, suke kan tudun tsakuwa da ba ya riƙe ruwa, kuma ake cusa kuranga har 10,000 a hekta ɗaya don su yi ta gasar ɗan abin da ke ƙasa.

Amma ƙishi ma yana da iyaka. A zafin Agustan 2003 ganye ya rufe ƙofofin numfashinsa, nuna ta tsaya cak, 'ya'yan da ke fuskantar yamma suka ƙone suka yamushe. Ƙananan kurangu masu gajeriyar saiwa su suka fi jigata. Gonakin Sant-Estef, a arewacin Medok, da ke da yumɓu a ƙarƙashi, kamar Château Montrose, su suka ci ribar shekarar, don yumɓu yana sakin ruwa kaɗan-kaɗan. Saboda irin wannan ƙuna ne ake fige ganye ta gefen gabas kawai, inda rana mai taushi ke bugawa, a bar na yamma ya zama laima.

Satumba kuma lissafi uku ne da ba sa tafiya tare. Sukari yana hawa: kamar giram 17 a lita ke ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa, don haka giram 220 zai ba da kusan 13. Tsami yana sauka, kuma ba a so ya sauka da yawa, dare mai sanyi ke tsare shi. Na uku, nunar ɓawo da ƙwallo, shi ne mai wuya, na'ura ba ta gama faɗarsa. Shugaban gona kan bi kunya da safe, ya tsinko ɗa ɗaya daga tsakiyar nono, ya tsotse ruwan, ya tauna ɓawon shi kaɗai sau goma sha biyar, ya tofa a tafin hannu ya duba ko launi ya fita. Sannan ya ciji ƙwallon. Kore mai laushi mai ɗaci, da saura. Ruwan ƙasa mai ƙaras-ƙaras kamar soyayyiyar gyaɗa, ya yi. Cabernet da aka tsinka da wuri yakan bar warin koren tattasai a kwalba, kuma babu gangar da ke fitar da shi.

To, jira kuma caca ce da hadari. Ruwa a kan inabi nunanne yana kumbura shi, ɓawo ya tsage, funfuna mai toka-toka ta shiga, cikin kwana uku nono ya ruɓe. 1964 ta nuna wannan sarai. Merlot yana riga Cabernet nuna da mako ɗaya ko biyu, don haka Pomerol da Sant-Emiliyon, yankunan ɗaya gefen kogi inda aka fi shuka Merlot, sun gama tsinka cikin rana, suka samu shekara mai suna. A Medok, inda Cabernet ya fi yawa, waɗanda suka jinkirta, ruwa ya kama su bayan makon farko na Oktoba ya ƙi ɗaukewa. Latour, ko da yake a Medok take, da yake ta riga ta shigar da nata, ta fita lafiya. Don haka wanda ya ce maka shekara kaza ta yi kyau a Bordo, tambaye shi wane gefen kogi.

1961 ba ta sha wannan ba. Agusta da Satumba sun zo da rana da fari, 'ya'ya kaɗan masu kaurin ɓawo suka shiga rumbu ƙalau. Abin da ya fito baƙi ne wuluk a ƙuruciyarsa, mai ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itace da katako, da bauri mai yawa amma nunanne, wanda ya ɗauki shekaru kafin ya kwanta. Château Palmer, wadda jerin darajar gonakin Bordo na shekarar 1855 ya ajiye a mataki na uku, ta yi kafaɗa da na farko a wannan shekara.

Mako mai zuwa za mu shiga rumbu, inda zafin tukunya in ya haura digiri 35 yake kashe yisti, mu ga yadda a kakar 1947 wasu gidaje suka riƙa jefa ƙanƙara cikin tukwane don kada aikin ya tsaya.