Riƙon magen Farisa a zafin Garwa

Masu tambayata wai magen nan mai gashi buzu-buzu da nake sa hotonta wace iri ce, to magen Farisa ake ce mata, wato Iran ta yanzu. Wani matafiyi ɗan Italiya, Pietro della Valle, shi ake cewa ya kai irinta Turai wajen 1620, daga baya a 1871 aka nuna su a babbar gasar kyanwoyi da aka yi a Crystal Palace a Landan. Amma na wancan lokacin hancinsu da tsawonsa, wannan fuskar da ta lotsa ciki masu kiwo ne a Turai da Amurka suka yi ta zaɓe har ta koma haka, kuma ita ce tushen wahalar.

Tawa yayata ce ta kawo min daga Yawunde, fara sol, ƙafafu gajeru, kunne ƙanana, ido dara-dara kalar jan ƙarfe. Kyau kam ba magana. Sai bazara ta shigo, watan Maris da Afrilu zafi ya wuce digiri 40, ga hanci gajere ba ta iya numfashi sosai, in kuran ya ɗauke fanka ta tsaya sai ka ganta kwance a gindin randa baki buɗe, wallahi tausayi ya kama ka. Yanzu tsumma nake jiƙawa in shimfiɗa mata a siminti, likitan dabbobi ya rage mata gashin ciki, amma ya ce kar a yi mata tal-kwabo don rana za ta ƙona fatar.

Taza kullum ce, ba fashi. In ka bari kwana biyu gashin hammata da bayan kunne ya dunƙule ya cure, ƙuma ta samu gida, in ta fita tsakar gida ƙarangiya ta liƙe mata sai almakashi. Idon ma kullum da safe sai na goge kwantsa da auduga da ruwan ɗumi.

Maƙwabta sun ta kama layi wai in ta haihu a ba su. Da ta haɗu da muzurun unguwa 'ya'yan duka gajeren gashi suka zo da shi, don dogon gashi sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi yake fitowa. Wanda zai saya kuma ya tambayi lafiyar ƙodar iyayen, irin nan suna gadon ciwon ƙoda.