Kada Ka Tare Kibiya Da Katako

Jiya da yamma na tsaya ina kallon wani matashi yana haɗa abin bara, wato abin da zai riƙa aunawa da kibiya yana koyon harbi. Ya samo yankin tsohuwar katifa da kaurinta bai kai tsawon yatsa ba, ya jingina ta da allon katako, ya ɗauko ƙusoshi yana kafewa. A gefensa ga buhu da ya cika da yashi, wai shi zai sa a baya don ƙarin ƙarfi. Wayarsa na jingine da dutse tana nuna masa bidiyo, yana bugun ƙusa yana leƙawa. Na ce masa, "Ɗana, dakata da hamar nan." Ya ce, "Baba, ai sai da abu mai tauri kibiya za ta tsaya." Wannan maganar ce ta sa ni rubutun nan, don da bakina na taɓa faɗinta, kuma ta ci mini kibau masu yawa.

Kibiya za ta tsaya a katako, babu musu. Matsalar ita ce yadda take tsayawa. Tsinin yana cin birki nan take, amma jikin kibiyar yana nan tafe da duk ƙarfin da baka ta zuba masa, kuma dole ƙarfin nan ya sami wurin zuwa. In kibiyar ta alminiyam ce sai ta lanƙwashe, ba za ta sake tafiya sak ba. In ta icce ce ko kyauro sai ta tsage daga bayan tsini. In ta kabon ce, irin baƙar nan mara nauyi, tsinin yakan nutse cikin jikinta ya fasa bakin, ko ta tsage ta ciki inda ido ba ya gani. Aikin abin bara shi ne ya rungume kibiya ya rage mata gudu a cikin tazarar santimita 15 zuwa 25, ta hanyar gogar da ke tsakanin jikinta da abin da ta shiga. Matsi ake nema, ba tauri ba.

Kuskurena na farko ke nan, katako a bayan soso. Ba zan ce wauta ce zalla ba. Tsoron kada kibiya ta fasa ta wuce ne ya sa ni, kuma tsoron na kan hanya. Sai dai maganin da na yi masa ya fi cutar muni, kuma na daɗe ina ɗora laifin a kan masu ƙera kibau, ina cewa kayansu ba su da ƙwari, alhali ni ne nake farfasa su. Soson katifa shi kaɗai kuwa ba ya riƙe komai. Iska ce ta fi yawa a cikinsa, kibiya ratsa shi take yi ta tarar da abin da ke baya da ƙarfinta.

Na biyu yashi. Yana tsayar da kibiya, amma yana cinye tsini kamar dutsen wasa wuƙa, yana kankare fatar kibiyar, kuma kowane rami da ka huda ƙofa ce da zai zube. Garin katako ma na gwada. Yana zubewa, yana taruwa a gindin buhu ya bar saman fayau, in ya sha ruwa kuma ya dunƙule. Na uku shi ya fi ba ni haushi, don lalaci ne kawai: na cika buhu da tsofaffin tufafi ban cire zif da maɓallai ba, har da ƙananan ƙarafunan nan da ke bakin aljihun wandon jins. Kibiya ta sami ƙarfe ɗaya a ciki, tsinin ya karkace, jikin ya sami tsagu da ban lura da shi ba. Na sake ɗana ta na saki, ta fashe a kan baka, wani sili ya shige mini bayan hannun hagu. Ina iya cewa ba wanda ya gaya mini ana duba kibiya kafin a harba, kuma gaskiya ne, a lokacin ba mu da mai nuna mana. Amma na ji ƙarar da ta yi sa'ad da ta bugi ƙarfen, ƙara ce daban, na ji kuma na share. Wannan nawa ne.

Ku kuwa kuna da mai nuna muku a tafin hannu, sai dai ba kwa kallon bidiyon ya kai ƙarshe. Ana zuwa wurin da mutumin zai ce a cire ƙarfe sai ku tura gaba, don ku ga inda ya sami tsakiya. So kuke a fara da la'asar a gama kafin magariba a ɗauki hoto.

Ga yadda ake yin na buhu, wanda shi ya fi sauƙi. Samo buhunan leda saƙaƙƙu guda biyu, irin masu cin kilo 50, ka zura ɗaya cikin ɗaya. Saƙaƙƙe nake nufi, don zarensa buɗewa yake yi ya ba tsini hanya maimakon ya yage. Tara tsummoki, tsofaffin zannuwan gado, labule, buhunan da suka mutu da ledoji masu laushi, abin da zai kai kilo 15 ko kusa da haka. Zauna da almakashi ka bi kowane tufa da yatsa, ka yanke zif, maɓalli, ƙugiya da duk wani ɗinki mai kauri. Kada ka linke kayan. Cukuikuye su za ka yi, don linkakken tufa yana barin layi da kibiya za ta bi ta sulale. Zuba kamar kaurin santimita 10, ka danna da guntun icce mai kauri ko ka shiga ka tattake, ka cusa kusurwoyi da hannu, sannan ka ƙara wani. Haka har ya cika, kaurinsa daga gaba zuwa baya ya kai santimita 35 zuwa 40. Gwajinsa shi ne ka danna dunƙulen hannu a tsakiya. In ya nutse har wuyan hannu, da saura. Ɗinke bakin da basilla da zare mai ƙwari, ka rataye shi da igiya biyu yadda zai ɗan yi lilo in kibiya ta same shi, don lilon ma yana shanye ƙarfi. Bayan harbi ɗari biyu ko uku tsakiya zai yi laushi. Kwantar da shi ka tattake, ka juya ɗaya fuskar. In buhun waje ya mutu, sa sabo a kai, cikin yana nan.

Na kwali ya fi cin aiki amma fuskarsa a miƙe take, kuma ya fi daɗin liƙa takarda. A nan ma na yi kuskure, don da farko jera kwalayen na yi fuska da fuska ina harbin faɗinsu. Kowace kibiya huda rami take yi wanda ba ya rufewa, cikin kwana kaɗan tsakiya ya zama taga. Gefen kwali ake harbi. Yanka shi falle-falle, tsawo santimita 60, faɗi 30, ka cire duk wata ƙusar takarda da salatif. Kwali mai ramuka a ciki kaurinsa kamar milimita 4 ne, in an matse ya koma wajen 3, saboda haka tsayin santimita 60 zai ci falle kusan 200. Kada adadin ya ba ka tsoro, wuƙa mai kaifi da ma'auni ɗaya da za ka riƙa ɗorawa sun isa. Yanka yadda ramukan za su kwanta hagu da dama, kada bakinsu ya kalle ka, don in sun kalle ka kibiya bin su take yi ta nutse da yawa. Jera su bisa juna a kan falanki mai tsawon santimita 80, ka ɗora wani falankin a sama, ka ɗaure da bel biyu irin na ɗaure kaya a mota, masu makullin da ake ja ana matsewa. In babu, dogayen ƙarafuna huɗu masu cin noti, biyu a kowane gefe, a wajen kwalin. Kibiya za ta shiga tsakanin falle biyu, matsin ya kama ta, in ka zare kuma wurin ya koma ya rufe.

Na san yanzu na ce kada katako, ga shi na sa ka kawo falanki biyu. Su a sama da ƙasa suke, ba a hanyar kibiya ba. Duk da haka ɗan koyo sai ya same su, don haka rufe bakinsu na gaba da soso mai kauri, makullin bel ɗin kuma ka mai da shi sama ko baya. Matsi ma haka yake. Na ce a matse, amma in ka wuce gona da iri sai ka sa ƙafa kafin ka zare kibiya, garin haka ka lanƙwasa ta. Matse, ka harba ɗaya daga mita 10. In ta shiga ta fi rabin zurfin kwalin, ƙara matsi. In ta ƙi fita da hannu ɗaya, sassauta. Ɗan goga sabulu busasshe a gaban kibiyar yana taimakawa.

Na zauna da niyyar ba ka shawara goma sha, da na auna sai na ga yawancinsu surutu ne. Abin da ke bayan abin bara ya fi abin baran muhimmanci. Za ka kuskure, kowa yana kuskurewa, kuma ko baka mai nauyin ja laba 25, wato kimanin kilo 11, tana iya jefa kibiya fiye da mita 100 in hannu ya ɗaga sama. Rataya tsohon kafet ko barguna biyu masu nauyi kamar mita ɗaya a baya, a sake, kada ka ɗaure ƙasansu, don abin da aka ja ya yi tsam hudawa ake yi, sakakke kuwa tafiya yake yi da kibiya ya kashe mata ƙarfi. Kuma kada ka dogara da shi. In akwai hanya, ƙofa, taga ko wurin wasan yara a bayansa, ba wurin harbi ba ne, ko me ka rataya. Wanda aka soke ba ya jin "ban yi da gangan ba".

Duba kowace kibiya da ta bugi abu mai tauri. Ta kabon ka riƙe ta baki biyu nesa da fuska, ka ɗan tanƙwara, ka juya, ka sake, kana saurare. In ka ji ƙas, ko ka ga sili ya tashi, karya ta biyu ka yar, kada wani ya tsinta. Wajen zarewa, tafin hannu ɗaya a jikin abin bara kusa da kibiyar, ɗayan ya kama ta daga can gindin inda ta shiga, ka ja sak, bayan ka waiga ka tabbata ba kowa a bayanka. Tsini mai santsi kawai za ka harba wa buhu da kwali. Mai kunne ko mai kaifin wuƙa na farauta zai shiga ya ƙi fita, sai ka farke buhun.

Kuma ka daina ja da baya. A gasar Olamfik daga mita 70 ake harbi, fuskar abin baran santimita 122 ce, da'irar maki goma kuma 12.2. A gasar cikin ɗaki mita 18 ne da fuska mai santimita 40. Kai buhunka faɗinsa bai wuce 60 ba, ka tsaya a mita 30 don ka ga wani ya yi a waya. Fara daga mita 5, in kibau shida sun taru a faɗin tafin hannu biyu ka koma 10.

Ruwa yana kashe kwali a dare ɗaya, yana ruɓar da tsumma ya sa tsini tsatsa, rana kuma tana cinye buhun leda har ya riƙa marmashewa a hannu. Shigar da shi inuwa in ka gama, ka ɗaga shi daga ƙasa. In kuwa bakarka irin mai ƙafafun juyawa ce da ke jan laba 60, duk abin da na faɗa a kan araha ajiye shi gefe, ka sayi abin baran da aka ƙera dominta. In ka nace sai ka haɗa da kanka, zurfin kwalin ya kai santimita 45, ka gwada kibiyar farko daga kusa, sannan ka zaga baya ka duba ko tsini ya leƙo kafin ka ɗana ta biyu.