Daga Unguwa Uku zuwa Kawo, da Samanja a bakinmu

Da hantsi muka bar tashar Unguwa Uku, cikin Nuwambar 2023, kwana biyu da jin rasuwar Usman Baba Pategi, ɗan wasan kwaikwayon nan da kowa ya fi sani da Samanja. Wani uzuri ne na daban ya tashe ni zuwa Kaduna, amma tun ina haɗa jaka zuciyata tana wajensa. Hunturu ya fara leƙowa, hazo ya kwanta a kan gonakin shinkafar Kura.

Kusa da ni wani dattijo ne, ya haura saba'in, takalminsa a goge tas, ya zauna a miƙe kamar an sa masa sanda a baya. Bai ce uffan ba sai da muka wuce Kwanar Dangora, inda direba ya ɗauko zancen rasuwar. Dattijon ya cire hula, ya shafa kai, ya ce, "Allah ya jiƙan oga."

Na ce, "Baba, kun san shi ne?"

Ya ce, "Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, ɗana. Amma bakinmu ya ɗauka ya kai gidajenku."

Daga jin Hausarsa ka san ta bariki ce: namiji ya koma mace, mace ta koma namiji, ga Turancin buroka na faɗowa a tsakiya. Ashe tsohon soja ne, ya shiga aiki lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ya ce da can idan suka shigo gari cefane, yara kan bi su suna kwaikwayon maganarsu, abin yana musu ciwo. Da shirin Samanja Mazan Fama ya bazu, dariyar ba ta daina ba, amma ta canza launi. Mai tumatir ya koma ƙame musu yana sara musu, har ya yi musu gyara.

Wannan magana ta tsaya mini a rai har Tashar Yari. Ni abin da na riƙe tun ƙuruciya shi ne tsakar gidan maƙwabcinmu, talabijin mai baƙi da fari a kan tebur, mu yara zube a tabarma. Da gashin bakin nan ya bayyana, da kakin nan, sai tsawa, mu kuma mu kife da dariya. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa mutumin Banufe ne ba, ɗan gidan sarautar Pategi da ke bakin kogin Neja a jihar Kwara, wanda ya zo Kaduna ya yi aikin gidan rediyo, ya kuma sa kakin soja na gaske kafin ya sa na wasa. Shi ya sa babu ƙarya a tafiyarsa da tsayuwarsa. A ganina nan gwanintarsa take: shekara da shekaru yana fitowa a mutum ɗaya, har sunan muƙami ya cinye sunan yanka, amma bai taɓa mai da sojan nan abin raini ba. Mai faɗa ne, mai saurin hasala, kuma kana ganinsa ka san zai raba abincinsa da kai.

A Kwangila muka tsaya aka yi Azahar. Muna komawa mota wata Hajiya da ke gaba ta tuna mana da Kasimu Yero, ɗan Zariya, wanda shi ma a Kaduna ya rasu a 2017. Aka ɗan yi shiru. Mutanen da suka raya wasan kwaikwayon Hausa tun gabanin finafinan bidiyo, a gidan rediyo da talabijin ɗin da aka kafa a Kaduna a 1962, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yaran yanzu da yawa sai dai su ga guntun hoto a waya, mai dishi-dishi, ba su san nauyin abin ba.

Da muka doshi Jaji, dattijon ya ce a sauke shi, jikarsa ke aure a barikin. Direba ya gangara gefen titi, nesa kaɗan da ƙofar da sojoji ke gadi. Na miƙa masa jakarsa ta taga.

Na ce, "Allah ya huta gajiya, Baba."

Ya ce, "Amin, ɗana. Idan ka shiga Kaduna ka yi masa addu'a, ka fi ni kusa."

Ya gyara hula, ya ƙame, ya sara wa motar gaba ɗaya. Direba ya danna masa ham sau biyu. Na waiwaya ina kallonsa yana takawa a miƙe cikin hazo, har muka sha kwana. La'asar ta kusa lokacin da muka shiga Kawo, na sauka na nufi masallacin tasha.