Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Takardar da na boye a karkashin katifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na tsaya a inda muka tashi daga dakin unguwar Hindawiyya muka koma wajen Shara Mansur a nan Makka, nace yau zan kawo maganar rasuwar Baffa, toh ku yi hakuri, jiya ina gyaran akwati na ci karo da wata tsohuwar takardar makarantar 'yata Ummi, tun jiyan zuciyata ta ki barin maganar.

Ummi ta shiga aji daya na ibtida'i, wato firamare, a 2014. Abbanta ne ya yi komai, shi ya kai wa wani yaro igamarta, wato katin izinin zama a Saudiyya, da takardar allura aka yi mata rajista a Nur, shafin intanet na rajistar makarantu, ni nawa kawai in tashe ta da asuba in yi mata kitso in zuba mata shayi. Lahadi zuwa Alhamis haka muke. Makarantar mata ce, namiji ba ya wuce bakin kofa, iyakarsa wajen mai gadi, kenan duk abin da ya shafi ciki uwa ce za ta shiga. Ni kuwa shekara uku cur ban taba taka cikin makarantar nan ba.

Duk zango sai an aiko da takardar majalisar iyaye mata. Ta farko da ta zo na kai wa Hajiya, Allah ya jikanta, ta juya ta ta juya tace "ke da Larabcinki na kasuwa me za ki je ki ce musu? Kowa ya kwana lafiya shi ya so. Bari Goggonsu ta je." Goggon yara kun santa, a nan Makka aka haife ta, Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausar ce ma take mata gardama. Sai ta zama ita ke zuwa, ta dawo tace komai lafiya, ni kuma in ce alhamdulillah. Daga baya ma takardar in ta zo ba na nuna wa kowa, karkashin katifa nake turawa, saboda kunya nake ji ace ga uwar yarinya a zaune wata ke amsa sunanta.

Kowa ya kwana lafiya shi ya so. Wallahi na rike maganar nan kamar karatun allo. Ban ce Hajiya ta yi da mugun nufi ba, su sun zo kasar nan a zamanin da bako ke tafiya a gefen bango, abin da suka sani kenan. Amma lafiyar da na kwana da ita a shekarun nan Ummi ce ta biya kudinta.

A aji hudu abin ya fito fili. Shekarar 2017 ce, ba zan manta ba don ita ce shekarar da aka fara karbar riyal 100 duk wata a kan kowane mutum daya da ke karkashin igamar maigida, mu hudu ne a kan Abban Ummi, ga dinki ya yi sanyi, gidan ba dadi. Yarinya ta daina amsa min da Hausa. In nace Ummi zo ki ci tuwo sai tace "ma abga", wato ba na so, ta kawar da kai. Rannan na ga ta ciro kosan da na sa mata a jaka ta ajiye bayan kofa, tace a ba ta riyal biyu ta saya a maksaf, shagon makaranta, kamar kowa. Da na matsa mata sai ta fashe da kuka, wai yara na ce mata takruniyya, sunan da ake kiran bakar fata 'yan asalin Afirka ta Yamma, wai kuma ta gaya wa malamarsu Goggo ce mamanta. Ita ta fada da bakinta, 'yar da na yi kwana biyu ina nakudarta.

Daren nan ban runtsa ba. Da safe na daga katifa na dauko takardar karshe, na sa abayata, ban gaya wa Hajiya ba ban gaya wa Goggo ba. Abban Ummi kawai na fada wa, ya dube ni yace "ki je, Allah ya tsare."

A bakin kofa wata ma'aikaciya ta tare ni tana tambaya wace madam ce ta aiko ni. Ta dauka 'yar aiki ce. Kafafuna har rawa suke, amma na bude baki nace "ana ummaha", ni ce uwarta, na mika takarda. Har yau in na tuna yadda kalmomin nan biyu suka fito sai in ji hawaye. Aka kai ni wajen murshida, mai kula da matsalolin dalibai, mace mai hankali, ta ba ni kujera ta kawo gahawa da dabino, na yi ta hada Larabcina na kasuwa, inda ya kare in nuna da hannu, ta saurare ni har na gama. Ashe watanni suna rubuta cewa karatun Ummi ya ja baya, ba ta magana a aji, lokacin fusha, wato hutun tara, ita kadai take zama. Duk an gaya wa Goggo. Ban taba ji ba ko sau daya. Na san za ki karanta wannan Goggon yara, ban rike ki ba, amma komai lafiyan nan da kika rika kawo min ba gaskiya ba ne, kuma kin sani.

Daga ranar ban kara fashin majalisa ba. Aka sa ni a guruf din WhatsApp na iyaye, ba na iya rubutu da sauri sai in tura murya, wata 'yar Sudan da wata 'yar Burma suka zama kawayena don su ma a baya suke zama kamar ni. Bikin karshen shekara aka ce kowa ya kawo abin da ya iya, na soya masa kwano guda na hada zobo da citta da kanumfari. 'Yar Sudan din na gani tace ai karkade ne, malamai suka yi ta karawa. Ina hango Ummi daga nesa tana nuna ni wa wata yarinya. Ban ji me tace ba amma hannunta a kaina yake.

Lokacin korona a 2020 da aka koma karatu daga gida ta manhajar Madrasati, waya daya gare mu a gidan, ni ke zama gefen Ummi in rike, a nan na koyi karanta Larabci da kyau ina da shekara kusan arba'in. Lokacin kudin igama ya kai riyal 400 a wata kan kowane kai, makota da yawa sun mayar da iyali gida, Abbanta ya sayar da keken dinki daya don kar takardunta su mutu karatu ya tsaya. Hajiya na kwance ba lafiya a lokacin, tana jin mu muna bitar darasi, wata rana ta kira ni tace "ashe kin iya." Iyakar abin da ta fada kenan, ni ma ban tayar da tsohuwar magana ba.

Takardar da na gani jiya ta aji biyu ce, ko bude ta ban yi ba a lokacin, jiya na bude. An rubuta ana gayyatar uwar daliba ranar Talata karfe tara, za a karrama 'yarta a gaban layin safe saboda haddar Juz'u Amma. Ban san wa ya tsaya mata ranar ba, kuma na kasa tambayarta.

Sati mai zuwa in sha Allahu maganar Baffa.