Mako na uku: na rubuta sunan wata, lissafi ya biyo shi

Ƴan'uwa masu koyo, ga inda na kai. Ni nake riƙe wa kawuna lissafin buhunan albasar Galmi da muke saukewa nan Tawa, kowane wata da shafinsa a Excel. Da, in wata ya ƙare, sai in bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ina kwaso jimla da hannu. Makon nan na gane cewa adireshin gida (wato ɗan akwatin da ake rubutu ciki a shafin Excel), irin su C2, ana iya ɗinka shi kamar kowane rubutu da alamar &, sannan INDIRECT ya mai da shi adireshi na gaske.

A gidan A2 na sa Janairu, wato sunan shafin watan. A B2 na rubuta:

=SOMME(INDIRECT("'"&A2&"'!C2:C200"))

Na ja ta ƙasa, kowane layi ya kwaso kuɗin watansa. Kawu ya leƙo ya ce, "Kai yaro, har ka gama?" Ban gaya masa dare biyu ta ci mini ba.

Abin da ya cinye daren shi ne ƴar alamar ' ɗin nan. Wani shafi na sa masa suna "Maris bashi", da tazara a tsakiya, sai saƙon kuskure na #REF! ya yi ta fito mini. Suna mai tazara dole a rufe shi da ita gaba da baya. Yanzu ina sa ta ko da tazara ko babu.

Excel ɗina na Faransanci ne, don haka wanda ya kwafi fomula daga ƴan Najeriya ya lura: SUM ɗinsu SOMME ne a wurinmu, ADDRESS kuma ADRESSE, waƙafinsu mu waƙafi mai ruwa muke sawa. ADRESSE(3;2), wato layi na 3 ginshiƙi na 2, na ba da $B$3; ƙara ;4 a ƙarshe, ya zama B3. Rubutu ne kawai, sai INDIRECT ya buɗe shi.

Amma ban saki jiki da ita ba. Jiya na cusa sabon ginshiƙi na kuɗin dako kafin C. Sauran fomuloli suka gyara kansu, wannan ta tsaya kan C tana tara kuɗin dako a madadin kuɗin albasa, ba ta ko yi ƙorafi ba. Ƙanƙantar jimlar ce ta tona ta. Mako mai zuwa zan gwada wata fomular, INDEX, in ga ko zai fi ta kula.